Shekarar da Na Ba da Layina a Majalisa

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi kamar 'yan'uwansa, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. 'Ya'yana, kun tashi kuna jin ana cewa ubanku ya yi kansila har ya sauka bai kawo wa garinsu ko kwalbati ɗaya ba. Wasu ma sun ce muku sayar da shi na yi. Ban taɓa zaunar da ku a kan maganar ba, domin a lokacin kuna ƙanana, da kuka girma kuma sai na ga abin zai yi kama da wanke kai. Yanzu gemu ya yi fari, waɗanda aka yi abin da su sun fara ƙarewa, gara ku ji daga bakina.

Ni ban nemi kansila ba. Ina zaurena ina koyar da karatu, ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ina noman barkonona, dattawan mazaɓa suka zo suka ce ni suke so, wai don ba a taɓa jin na ci amanar kowa ba. Aike ɗaya suka ba ni. Kun san Rafin Gawo da ya raba garinmu da hanyar Ikara. Da rani ɗan akuya ma tsallake shi yake yi, amma da zarar damina ta kankama sai ya zama sarki. Tumatir ya nuna a wannan gaɓa, mota tana tsaye a waccan, sai a ɗora kwanduna a ka a shiga ruwa har ƙirji. Mace in naƙuda ta yi gardama, a kan ƙyauren ƙofa ake haye da ita. Ranar da za a rantsar da ni, yayana, babanku Yaya Sani, wanda yake mai unguwa a lokacin, ya raka ni har bakin rafin ya tsaya.

"Hamisu, ba mu aike ka ka koyo Turanci ba," in ji shi. "Kwalbati. In ka manta sunanka a can, kada ka manta wannan."

Na ce, "In Allah Ya yarda, Yaya."

Majalisar ta burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Mu goma ne, Kakaki yana kan kujera mai tsawo, ga sandar majalisa da ake shigowa da ita a kafaɗa kowa ya miƙe tsaye. In babu sandar nan a kan tebur, duk abin da kuka faɗa hira ce kawai. Ranar farko da na ji an ce, "Mai girma kansila, kana da izinin magana," sai da na waiwaya in ga da wa ake. Sau ɗaya muke zama a mako, kuma ranar ta faɗo daidai da ranar kasuwar Makarfi. Kafin kowane zama ana raba mana wata takarda falle ɗaya, jerin abubuwan da za a tattauna, layi bayan layi. Kakaki ba ya tsallake layi. Sai an gama na ɗaya ake taɓa na biyu. Layin farko zagayawa yake yi, mazaɓa bayan mazaɓa, don kowa ya samu ranarsa, sai dai yakan daɗe bai dawo kanka ba, saboda hutu, da zaman da ake ɗagawa, da makonnin da kasafi ke cinyewa. Sauran layukan kuwa kwamitin tsara ayyuka ne ke jera su yadda ya ga dama. Shugaban kwamitin shi ne jagoran majalisa, Alhaji Sale, wani ƙaton manomin rake mai barkwanci, wanda in ya zage ka ma sai ka yi dariya. Ni takardar ba ta dame ni ba. Nakan sa a karanta mini, in kwafe ta da ajami a gefen littafina, in zauna in ji magana.

Da yake ni ne mai ɗan karatu a cikinsu, sai suka laƙaba mini Liman. Ɗan masallacin da ke harabar ba shi da ladani, saboda haka ni ke duba lokaci. Kujerata tana kusa da taga, daga nan ina hango sandar tuta da inuwarta. Da zarar na ga inuwar ta karkata gabas, sai in ɗaga hannu in ce, "Ranka ya daɗe, lokacin salla ya yi." Kakaki ya buga guduma, mu fita, in ja mu salla. Ina alfahari da wannan aiki ƙwarai. A raina ina cewa ko ban iya komai ba a ɗakin nan, na tsare wa mutane azahar ɗinsu.

A shekararmu ta ƙarshe satar shanun noma ta yi tsanani. Kowane ƙauye ya kafa 'yan sintirinsa, kowa da bindigar toka da gora, babu wanda ya san na wani. Ɓarawo ya kore shanu daga wajenmu, ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Makarfi ko ta Kudan, 'yan sintirinmu su bi sawu, na can su gan su da makamai su ɗauka su ne ɓarayin. Sau ɗaya a wajen Dandamisa saura ƙiris ƙungiya biyu su buɗe wa juna wuta a kan sawun bijimi guda, Allah Ya sa wani ya gane muryar surukinsa. Sannan akwai waɗanda suka mai da sintiri hanyar cin zali, su kama mutum a kan zargi su yi masa dukan da ba ya tashi. Wani abokin aikinmu, Sajan Iliya, Kirista ne, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya ya koma noma, shi ya kawo ƙudurin doka a kan haka: a yi wa kowane ɗan sintiri rajista da kati mai hoto, a sa su ƙarƙashin kulawar 'yan sanda, wanda suka kama su miƙa shi ranar ba tare da duka ba, a kuma kafa zama da takwarorinsu na ƙetaren iyaka don a san juna. An yi wa ƙudurin karatu na ɗaya a ranar layin Sajan, aka tafa. Daga nan sai ya zauna. Kowane mako yana kan takarda, layi na huɗu ko na biyar, kowane mako ba a kai gare shi.

Wata rana bayan salla na dawo ɗakin majalisa, na tarar da Kakaki da Sajan kaɗai, kamar kullum. Ƙa'ida sai da mutum huɗu ake ci gaba, mu kuwa uku ne. Kakaki ya ɗaga zama. Ina tattara littafina sai akawun majalisa, Madam Saratu, ta kira ni. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta daɗe a aikin har ta ga majalisu da yawa sun zo sun wuce, ba ta da yawan magana.

"Honarabul Malam, in tambaye ka, kada ka ji haushi?"

"Tambayi, Madam."

"Wa kake gani yake kashe dokar Sajan?"

Na ce, "Ai kowa ya sani. Alhaji Sale ne. Rabin 'yan sintirin nan yaransa ne na siyasa, ba ya so a san sunansu a ofishin 'yan sanda."

Ta yi murmushi ta ce, "Alhaji yana ajiye ta ne kawai inda za ta mutu. Mai yankawa kai ne."

Na ce, "Subhanallahi! Ni?"

Ta jawo takardun makonnin baya ta shimfiɗa a gabana. Ta ja layi da biro a kowace, daidai inda na tsayar da zama. Layi na biyu, wani lokaci na uku. An ce a zauna ƙarfe goma, ba a cika sai rana ta kusa tsaka. A yi addu'a, a karanta abin da aka yi a zaman baya, a yi layin farko, sai Liman ya ɗaga hannu. Ana sallame salla kowa ya hau babur sai kasuwar Makarfi, wannan zai sayar da buhu, wancan zai duba farashin taki.

"Duk abin da Alhaji ba ya so, bayan hannunka yake sa shi," in ji ta. "Ba ya buƙatar ya yi gardama da kowa. Ya san ba za ka taɓa makara ba."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, sannan kuma wani irin zumuɗi ya kama ni, irin na ɗalibin da ya shekara yana kallon baƙi bai gane ba, rana ɗaya ya ga sun haɗu sun zama kalma. Na riƙa juya takardun ina cewa, "Ka ga! Ka ga nan ma!" Ashe duk shekarun nan abin a gabana yake, da hannuna nake kwafe shi.

Na ce, "To Madam, salla dai ba zan jinkirta ta don doka ba."

"Ban ce ka jinkirta ba. Ni ma ba na wasa da Lahadina. Amma akwai ƙa'idar da ba a cika amfani da ita ba. Mai layin farko yana iya ba wa wani layinsa, in ya rubuto kafin a buga takarda. Zama biyu ya rage mana kafin a rushe majalisa. Na ƙarshe na bankwana ne, ba a ɗaukar sabon abu, sai dokar da ta riga ta wuce karatu na biyu. Layin mako mai zuwa kuwa, ka san na wane ne."

Na sani sarai. Nawa ne. Shekara biyu ina bin kwalbatin nan. An kai shi kwamitin ayyuka, an je an auna rafi, rahoto ya fito, abin da ya rage kawai majalisa ta amince a ranar layina ya shiga cikin ayyukan da za a bar wa shugaban ƙaramar hukuma. Yaya Sani har ya sa matasa sun fara tara duwatsu a bakin rafi.

Na dawo gida da la'asar na tarar da Innarku tana tsince barkono a tsakar gida. Na zauna a kan turmi na kwashe labari na faɗa mata, ina yi ina tashi tsaye ina nuna mata yadda layukan suke da kara a ƙasa. Ta bar ni na gama.

"Malam, na ga dai abin ya yi maka daɗi kamar ka tsinci dami a kala. To dokar nan, a kanta za mu taka mu haye rafi?"

"Ba a kanta ba. Amma rai fa, Hajara. In aka ci gaba haka, wata rana gawa za a kawo."

"A rafin ma an kusa kawo gawa. Ka manta da matar Audu da aka haye da ita a kan ƙyaure?"

Ban manta ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni dai na san ka. Tun da ka ji an ce da hannunka aka yi ɓarna, ba za ka iya barci ba sai ka gyara. Abu ɗaya nake roƙonka: ka je ka gaya wa Yaya da bakinka kafin ya ji a kasuwa."

Wannan shawara ita ce ban bi ba, kuma ita ce kuskurena na gaskiya. Na ce a raina ai kwalbati zai koma layi na biyu ko na uku ne kawai, in na roƙi abokai biyu su dawo bayan salla, sai in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in je wa Yaya da albishir biyu. Na yi istihara, na wayi gari zuciyata a kan bayarwa. Na rubuta takardar da ajamina, Madam ta buga ta da boko, na sa hannu. Kansiloli biyu suka yi mini alkawari har da dafa ƙirji cewa za su dawo.

Ranar zaman, tun da hantsi ni da Sajan muka rarraba gari. Shi ya bi ta Kurmin Kogi da babur ɗinsa, ni na bi ɗaya ɓangaren, muna bin kansiloli gida gida. Wani na same shi yana shan koko, na tsaya a kansa har ya shanye. Wani ya ce rigarsa tana wajen mai guga, na ce ya sa ta jiya, majalisa ba ɗaurin aure ba ce. Ƙarfe goma da 'yan mintuna muna zaune mu bakwai, abin da Madam ta ce ba ta taɓa gani ba. Shugabannin 'yan sintiri da Sajan ya gayyato sun cika bencin baya, har da waɗansu dattawa biyu daga ƙetaren iyaka da suka zo kallo. Aka shigo da sanda.

Alhaji Sale ya shigo ana tsakiyar addu'a, ya ɗauki takardarsa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Liman, ashe kai ma ka iya? Wa ya koya wa malam caca?"

Na ce, "A makarantarka na yi, Alhaji, ban dai biya kuɗin Laraba ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har shi. Sajan ya miƙe ya gabatar da ƙudurinsa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce ya yi shekaru yana ɗaukar gawa a aikin ɗan sanda, ya san yadda take da nauyi, ba ya so ya ɗauki ta ɗan maƙwabcinsa. Aka buɗe muhawara. Kai, ranar na ga majalisa! Wanda bai taɓa buɗe baki ba sai ga shi tsaye yana ba da labarin shanun ƙaninsa. Wani ya ce 'yan sanda za su mai da katin hanyar tatsar mutane, aka yi ta ja, har aka yarda a rubuta cewa kyauta ne kuma mai unguwa ne zai sa hannu. Ni ma na yi magana, na ce wanda aka ba gora ba a san sunansa ba, an ba shi izinin zalunci ne.

Sai Alhaji Sale ya nemi izini. Ya fara da gai da Kakaki, da iyayen Kakaki, da sarakunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya gangaro kan tarihin sintiri tun zamanin kakansa. Ya shiga labarin wani bijimi da aka sace masa yana yaro, da launinsa, da yadda ƙahonsa ya lanƙwasa. Yana yi yana satar kallon taga. Nan kowa ya gane: so yake ya ja mu har hannuna ya tashi. Idanu duka suka dawo kaina. Na dubi sandar tuta. Inuwa ta tattaru a gindinta, ta yi guntuwa kamar za ta shige ƙasa.

"Liman," in ji Alhaji, "ina jin kamar lokaci ya yi fa. Kada mu shiga haƙƙin Allah saboda dokar Sajan."

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, rana tana tsaka, ba ta gusa ba. Wanda ya yi azahar yanzu sai ya sake ta. In ta gusa zan faɗa, ko da a tsakiyar ƙuri'a ne, kuma Alhaji ya san zan faɗa."

"Na sani," in ji shi, "shi ya sa nake ƙaunarka."

Wani daga cikinmu ya yi wuf ya nemi a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, Sajan ya mara masa. Kakaki ya tambaya. Masu goyon baya suka ɗaga hannu, Madam tana ƙirgawa da bakin biro, ni ido ɗaya a kanta, ɗaya a taga. Shida. Guduma ta sauka. Bencin baya ya ɓarke da kabbara, Sajan ya rungume ni yana cewa, "Mun gode wa Allah, Malam, mun gode wa Allah!" Kafin hayaniyar ta lafa na ga inuwa ta fito gabas kamar faɗin yatsa biyu. Na ɗaga hannu. Ban taɓa jan sallar da na ji daɗinta kamar ta ranar ba.

Da na sallame na waiwaya, sahu ya riga ya zube. Na fito na tarar da Sajan a bakin ƙofar harabar ya baza hannuwa yana tare babura kamar mai tare awaki, yana cewa, "Minti goma! Kwalbatin Malam, minti goma kawai!" Wannan ya kauce ta hagu, wancan ta dama. Abokaina biyu masu dafa ƙirji kuwa, na hango ƙeyarsu a bayan motar Alhaji Sale, ya ce zai rage musu hanya zuwa kasuwa. Ya leƙo ta taga ya ɗaga mini hannu.

"Ɗaya da ɗaya, Liman! Sai mako mai zuwa!"

Muka koma ɗaki, ni da Sajan da Kakaki. Kakaki, Allah Ya jiƙansa, ya yi ta jira har kusan la'asar, abin da ba ya yi. Sajan ya kira duk lambar da ke cikin wayarsa. Ba wanda ya zo. Madam ta rufe littafinta a hankali ba ta dube ni ba. A zaman bankwana dokar ta wuce karatu na uku, kwalbati kuwa ya bi majalisar da aka rushe. Waɗanda suka zo bayanmu kowa da nasa rafin.

Dokar ta yi aiki, ba duka ba. Sata ba ta ƙare ba, amma an daina dukan mutane a daji, kuma 'yan sintirin iyaka sun san fuskar juna har suna zuwa sunan 'ya'yan juna. Wannan ba ya cikin abin da aka aike ni. Yaya Sani a kasuwar Makarfi ya ji labari, a bakin Alhaji Sale, kafin in iso gida. Da na je gaishe shi ya amsa sallama, ya ci gaba da gyaran igiyar da ke hannunsa. Na yi bayani tun daga takarda har guduma. Bai katse ni ba.

"Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"Layin nan da ka bayar, naka ne?"

Gaskiyarsa. Na mutanen da suka aike ni ne, kuma ban tambaye su ba. Ko da na tambaya wataƙila su ƙi, wataƙila kuma in bayar duk da haka, amma da sun ji daga gare ni. Da zaɓe ya zo dattawa ba su sake zuwa zaurena ba, ni ma ban nema ba.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ranar da rafi ya fara cika, tumatirin Yaya ya nuna, mota tana ta hon a waccan gaɓa. Na ji hayaniya daga zaure, na tuɓe babbar riga na rataye, na naɗe wando na gangara. Mutane suka zuba mini ido da suka gan ni. Duwatsun da matasa suka tara suna nan a gefe, ruwa yana dukan su. Yaya yana tsaye a kan kwandunansa, watanni ke nan bai kira sunana ba. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Sannan ya duba kwandunan, ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma, ya kama kunne ɗaya.

"Kansila," in ji shi, "kama nan. Ka bi ta hagu, ta dama akwai rami."

Na kama, muka ɗora a kaina, na shiga ruwa.